Fim ɗin soyayya ba hujja ba ne a kan abotar namiji da mace

Da an tayar da musun ko namiji da mace za su iya zama abokai kawai, sai wani ya jawo fim ya kafa hujja da shi. Ban yarda da wannan hujjar ba, domin fim ɗin soyayya mai ban dariya tun a takarda ake gina shi don abotar ta rushe.

Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, irin wannan fim kuma a Amurka yakan kai shafi 90 zuwa 110. Jarumi da jaruma sukan haɗu tun a shafukan farko, saura fiye da awa guda da dole marubuci ya hana su auren juna. Da me zai hana su? Idan babu uba mai taurin kai, babu talauci, babu bambancin asali, to katanga mafi arha ita ce su ce su abokai ne. A tsakiyar fim sai a shigo da wani ya nemi ɗayansu don kishi ya motsa, wajen shafi 75 su yi faɗa su rabu, a ƙarshe ɗaya ya sheƙa da gudu ya je ya faɗi abin da ke ransa.

Fim ɗin Amurka When Harry Met Sally na 1989, inda abokai biyu, Harry da Sally, suka ƙare da soyayya, shi ya fi yaɗa wannan musu. Amma daraktansa Rob Reiner ya sha faɗa cewa da farko ba a shirya su ƙare tare ba, ya sauya ƙarshen ne bayan ya haɗu, ana cikin aikin, da matar da daga baya ya aura. Wato amsar da ake ta jingina da ita zaɓin mutum ɗaya ce. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998, wanda masu kallon fim ɗin Indiya a Arewa suka haddace, abin ya fi ba ni takaici: jarumin, Rahul, bai ga abokiyarsa Anjali da idon so ba sai bayan shekara takwas, da ta tara gashi ta ɗaura sari. Duk kirkin da ta yi masa a kwaleji bai wadatar ba ke nan.

Marubutanmu na Kannywood da ke son nuna abota ta gaskiya, nan ake yin tuntuɓe. Kyamara da kiɗa sun fi baki magana. Ka rubuta "yayana" da "ƙanwata" sau hamsin, muddin aka tsayar da kyamara a fuskarsa yana bin ta da kallo bayan ta juya, aka sa sarewa mai taushi, mai kallo ya riga ya ɗaura musu aure. Waƙa tsakanin su biyu kuwa kada ma a fara. Tunda ba a taɓa juna a finafinanmu, waƙar ce ke ɗaukar duk nauyin soyayya.

Sai a ba abotar dalili da muhalli: aji ɗaya, ofis ɗaya, maƙwabtaka, a gaban mutane, iyaye sun sani. Kowannensu ya kasance da nasa masoyi mai rai da hali, wanda ba a halitta don a yar da shi a minti 80 ba. Idan saurayin nata mugu ne ko sakarai, mai kallo ya gane an ajiye abokin ne don ya gaje shi. Sannan a bar kishin ya fito daga inda yake fitowa a zahiri, wato daga matar abokin ko mijin abokiyar, da tsegumin unguwa. A nan labarin yake, da dariyarsa da zafinsa: kiran waya da dare, da gudummawar biki da ta wuce ƙima har dangi suka fara tambayar wace ce ita.