Kuɗin tashi ba riba ba ne

Jama'a, tun jiya da muka yi waya da ƙanena abin nan yake cin raina. Likita ne a Ingila. Bara wurin aikinsa suka ɗauke shi daga Birmingham suka mayar da shi Newcastle, da mata da yara huɗu. Sun biya masa kuɗin tashi gaba ɗaya, fam 12,000: dillalin da ya sayar da tsohon gidan, lauya, harajin sayen sabon gida, motar da ta kwashi kaya, da masaukin da suka zauna kafin a ba su makulli. Ko sisi bai shiga aljihunsa ba, kowane fam da rasidinsa. Sai ga hukumar haraji ta HMRC ta lissafa fam 4,000 daga ciki a matsayin albashi. Tun da yana cikin masu biyan kashi 40 cikin 100, an cire masa fam 1,600.

Ba kuskure aka yi ba, haka dokar take. A Birtaniya, abin da ma'aikata ta kashe wajen tashin ma'aikacinta ba a taɓa shi har zuwa fam 8,000, muddin tsohon gidan ya yi nisa da sabon wurin aiki, kuma an kashe kuɗin kafin ƙarshen shekarar haraji mai bin wadda ya kama aiki. Duk abin da ya haura haka, ana ɗaukarsa amfanin da ma'aikaci ya samu, shi ya biya nasa haraji, ma'aikata ma ta biya nata kason inshorar ƙasa, wato kuɗin da ake biya wa gwamnati a kan albashi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan adadi na 8,000. Tun 1993 aka yanka shi, kuma har yau ba a ƙara ko kwabo ba. A waccan shekarar, kuɗin da ake yafe wa kowa kafin a fara cire masa haraji fam 3,445 ne. Yanzu ya kai 12,570. Farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu, na gidaje kuwa ya ninka sau da yawa, kuma ladan dillali da harajin sayen gida farashin gidan suke bi. Ke nan gwamnati ta san kuɗi sun rage daraja, ta gyara wani wuri, ta bar wannan da gangan. Saurayin da zai ɗauki akwati biyu ya hau jirgin ƙasa ba zai ji komai ba. Mai iyali, wanda dole ya sayar ya saya, shi ke shan duka.

Na san hujjar masu goyon bayan iyaka, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. In aka bar ƙofa a buɗe, wasu kamfanoni za su riƙa lulluɓe albashin manyansu da sunan kuɗin tashi. To amma maganin wannan ai rasidi ne. A nuna takarda, a ga abin da aka kashe, a ga ko tashin na gaske ne. Wanda aka ba dunƙulen kuɗi ya yi abin da ya ga dama, a cire masa haraji, ban da ja. Amma kuɗin da ya fito daga ma'aikata ya wuce kai tsaye hannun mai mota, ina ribar da ma'aikaci ya ci? Ba shi ya ce a tashe shi ba. Yara sun bar makarantarsu, matarsa ta bar aikinta da maƙwabtan da ta saba da su, sannan a ce ya ƙaru.

Na Amurka ma ya fi muni. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu a Disamba 2017 ta soke irin wannan rangwame na wucin gadi daga 2018, sai ga sojoji kawai, kuma dokar Yuli 2025 ta mayar da sokewar ta dindindin. Can, tun daga dala ta farko ake lissafi. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ɗora wa ma'aikaci ƙarin kuɗi don ya rufe harajin, shi ma ƙarin a cire masa nasa. Wanda ke ƙaramar ma'aikata kuwa sai dai ya rungumi ƙaddara.

'Yan'uwanmu likitoci da malaman jinya da ke karɓar takardar aiki, don Allah kada murna ta hana ku tambaya. In kun ga kuɗin tashi a rubuce, ku bincika: dunƙule za a ba ku, ko biya za a yi bisa rasidi? In ya haura 8,000, wa zai ɗauki harajin? A rubuta amsar kafin ku sa hannu. Ƙanena bai tambaya ba, sai da ya ga albashinsa ya ragu wata bayan wata sannan ya gane. Yanzu ya rubuta wa wurin aikin nasa yana roƙon su mayar masa da fam 1,600 ɗin, yau mako uku ke nan yana jiran amsa.