Wayar da ta riga dattijai isa gidan mutuwa

Wanda ya ɗora hoton maƙwabcinmu a status ɗin WhatsApp ranar Talatar nan, tun gawarsa tana kwance a gefen hanyar Bauchi an lulluɓe ta da zanen wata fasinja, ya san kansa, kuma ba zan kama suna ba. Mutanen unguwar Bolari ta Gombe duk kun san yadda ta kaya. 'Yar marigayin da ke karatu a Kashere tana zaune a ɗakin kwanan ɗalibai ta buɗe WhatsApp, sai ga fuskar mahaifinta da "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" a ƙasa, alhali kawunta yana kan hanya domin ya ɗauko ta da sunan jikin Baba ne ya motsa. To, sannu da aiki, malam ɗan jarida. Ka riga gidajen rediyo, ka riga liman, ka riga uwar da ta haife shi, sai a miƙo maka lambar yabo.

Wata huɗu ke nan da na ajiye ƙaramar wayata mai madannai, wadda caji ɗaya yake kai ta kwana biyar, na sayi Tecno ta hannu. Na daɗe ina turjewa, domin ko a lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 na gwammace bin layin masu POS a kan in riƙe babbar waya, har sai da sanarwar wurin aiki ta koma WhatsApp gaba ɗaya. Ban musanta amfaninta ba, ina tura kuɗin cefane daga inda nake, ina kuma ganin jikokin yayata da ke Kaduna. Amma babban abin da na lura da shi a watannin nan shi ne, wannan na'ura tana koya wa mutum son ya zama na farko. A ƙarƙashin kowane status akwai ɗan hoton ido da lamba a gefensa, yana ƙirga maka waɗanda suka kalla kafin awa 24 ta cika ya ɓace. Ni kaina, da furfurata, na kama kaina bayan sallar Asuba ina leƙa wannan lamba tun kafin in gama azkar. Wanda ya saba da daɗin ganin lambar tana hawa, ranar da ya ci karo da gawa a kan titi, hannunsa aljihu zai nufa.

Mu kuwa mun taso mun tarar sanar da mutuwa aiki ne da ake zaɓa wa mutum. Dattijo ake nema mai nauyin baki, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi gida da yara, sannan ya ce jikin wane ya tsananta, ya ɗan yi shiru, kafin ya ce sai haƙuri. Idan matar mamaci ce, sai an tabbatar akwai manyan mata a gefenta da za su riƙe ta. Kafin zuwan wayar salula a 2001 har ƙauye ake tashin ɗan aike a kan babur saboda wannan kaɗai, sanarwar rediyo kuma tana biyo baya ne, bayan na jiki sun ji. Wannan tsari ne yaro mai datar naira ɗari biyu yake rushewa da babban yatsa.

An ce wai don a samu jama'a a jana'iza ne. Shin jinkirin rabin awa, a kira iyalin tukuna, zai hana sahu cika? An ce don a yi masa addu'a ne, kamar dai addu'a ba ta karɓuwa sai an haɗa ta da hoton mutum cikin jini. Masu cewa waya ba ta da laifi, mai riƙe da ita ne, su tuna cewa kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, bayan jita-jitar da aka yaɗa ta manhajar ta jawo kashe-kashe a Indiya. Masu abin ma sun san saurinsa yana ɓarna.

Don Allah 'yan'uwa, idan kuka ga mutuwa, ku fara tambayar ko iyalin sun ji. Yarinyar nan har yau ba ta iya kallon wayarta, kuma an ce duk wanda ya shiga yi mata gaisuwa sai ta tambaye shi dalilin da ya sa ba wanda ya kira ta.

Wani abin takaicin kuma, hoton nan sau bakwai na same shi a cikin wayata, a tsakiyar hotunan sunan jikata, saboda kowane zauren WhatsApp da aka tura shi wayar tana sauke shi da kanta. Sai jiya ɗana ya nuna mini inda ake kashe wannan a saitin ma'ajiya da data. Ashe abin da yake cinye mini data ke nan, ga shi tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kuɗinta ya tashi. Waɗanda suka jefa ni zauren tsofaffin ɗalibai har guda uku ba tare da sun tambaye ni ba, su ma ina nan tafe gare su.