Ranar da aka ce mini ina "drifting" a Liverpool

A ƙarshen kowace shekara, a wurin da nake aiki a birnin Liverpool, akan zaunar da ma'aikaci a wani ɗan ɗaki mai bangon gilashi, a ajiye masa shayi a kofin takarda, shugabar sashe ta buɗe kwamfuta ta karanta masa yadda ta ga aikinsa. Bana, bayan ta yaba mini da cewa ba na makara kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba, sai ta sassauta murya ta ce tana ganin kamar ina "drifting". Na yi murmushi har da godiya, domin a zatona kalmar ƙanwar "float" ce, wato tsayawa a saman ruwa, kuma abin da yake saman ruwa ai bai nutse ba. Sai da yamma, da na ba wani abokin aikina ɗan garin labari, ya ɓata fuska ya ce nufinta shi ne shekara shida ina kan kujera ɗaya ban nemi ƙarin girma ba, kuma ba ta ga inda na dosa ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, har washegari na tsinci kaina a bakin kogin Mersey, wurin da ake kira Pier Head. Ruwan kogin launin laka gare shi, iskarsa tana ratsa rigar sanyi, kuma sau biyu a yini teku kan turo ruwa ya cika shi sannan ya janye, wani lokaci bambancin ya kusan mita 10. Saboda haka dandamalin da ake hawa jirgin fito ba kafe yake ba, a kan ruwan yake zaune, yana hawa da sauka tare da shi, gadar da ke kai mutum kansa ta miƙe in ruwa ya cika, in ya janye ta zama gangare. A ƙasar nan ta Birtaniya babu garin da ya wuce kimanin kilomita 113 daga teku, don haka ba abin mamaki ba ne Turawan nan su yi wa motsin abu a kan ruwa rabon gado, kowane da sunansa.

A bakinsu "float" tsayawa ce a saman ruwa kawai, ko an motsa ko ba a motsa ba. "Bob" na kwalbar da igiyar ruwa ke ɗagawa tana saukewa ne, "waft" na ƙamshi ko hayaƙin da iska ta kawo a hankali, "hover" kuma na tsuntsun da ya tsaya cak a sama. Har dokarsu ta jiragen ruwa ta 1995 ta ambaci "flotsam" da "jetsam", wato kayan da suka taso bayan jirgi ya nutse da waɗanda matuƙa suka jefar da gangan don rage nauyi, kuma wanda ya tsinta dole ya sanar da hukuma. A nan kam sun fi mu tsefe magana, domin mu "shawagi" ɗaya muke ba shaho ko ya tsaya ko yana kewayawa, sauran kuwa mu ce abu ya taso ko ruwa ya tafi da shi.

Inda na raba gari da su shi ne hukuncin da suka ɗora wa kalmomin. "Float" mai mutunci ce, da ita aka saki fam ɗin Ingila a 1972, da ita kuma aka yi maganar naira a 2023, lokacin da 'yan jaridarmu suka riƙa cewa an bar kasuwa ta yanke wa kuɗin daraja. "Drift" kuwa tushenta ɗaya da "drive", ma'ana abin da aka kora ba da sonsa ba, kuma in ban da wanda barci ya kwashe, da wuya a jingina ta ga mutum da alheri. Da ita suke siffanta auren da ya yi sanyi, da ita suke kiran wanda ba shi da aiki ba shi da mazauni.

Mu ma muna da gantali da gararamba da watangaririya, amma duka na wanda ya ɗauki ƙafarsa ya tafi yawon banza ne. Wanda ya zauna inda aka ajiye shi yana cin halaliyarsa, mai haƙuri muke ce masa. Tsiron nan da Turawa suka raina suke kira latas ɗin ruwa, wanda saiwarsa ba ta taɓa ƙasa, mu kirari muka yi masa, kainuwa dashen Allah. Kuma duk wanda ya ga masunci a Argungu kwance a kan gorarsa da homa a hannu ya san ruwa na tafiya da shi, amma idonsa na kan kifi. Ban ga dalilin da zai sa baiwar Allahn nan, shugabar sashenmu, ta auna ni da ma'aunin jirgin da injinsa ya mutu ba, alhali albashin wannan kujera da ta raina shi ke biyan kuɗin makarantar yara huɗu a gida.

Duk da haka na karɓi takardar neman ƙarin girman, tana nan cikin aljihun tebur ban cike ta ba. Ranar Juma'a da na kira Hajiya, bayan gaisuwa ta tambaye ni ko na sa ranar zuba harsashin filin nan nawa na Birnin Kebbi, domin maƙwabta sun fara zuba shara a ciki. Na ce mata in Allah ya yarda bayan babbar salla. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce bara ma haka na ce, da bara waccan.