Muradun 2030: Kamata Ya Yi Kamfani Ya Fara Da Gyara Hanyar Da Yake Samun Riba

A watan Satumban 2015 ne ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, masu ɗauke da ƙudurori 169, aka kuma sa wa'adin cimma su zuwa 2030. Tun daga lokacin, da wuya ka buɗe rahoton shekara na wani babban kamfani ba ka tarar da tambarin muradun nan masu launi-launi ba, kowane aikin alheri an liƙa masa nasa. Amma rahoton Majalisar na 2024 ya nuna cewa kashi 17 cikin ɗari kacal na ƙudurorin ne ke kan turbar cika a kan lokaci. Laifin ba na kamfanoni kaɗai ba ne, akwai annobar korona, ga yaƙe-yaƙe da tarin bashi. Duk da haka, dole a tambayi me ake nufi idan kamfani ya ce hidimarsa ga al'umma ta yi daidai da muradun duniya.

A ganina, ma'aunin shi ne yadda kamfani ke samo ribarsa. Ɗan abin da ya cire daga ciki ya raba, wannan yana zuwa ne daga baya.

A cikin watan da aka amince da muradun, hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wata manhaja a motocinsa masu amfani da dizal, wadda ke rage hayaƙi lokacin gwaji kawai. Kamfanin da kansa ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11. 'Yan kwanaki kafin nan, ma'aunin Dow Jones na kamfanoni masu kula da muhalli da al'umma ya sa shi a kan gaba cikin masu ƙera motoci. Rahoto na yabon kamfanin, motocinsa na ƙazantar da iskar da mutane ke shaƙa.

Abin da ya zama ruwan dare shi ne zaɓen muradi mai sauƙi. Kamfanin haƙar ma'adinai zai ɗauki muradi na 4, wato ilimi, ya gina azuzuwa, a ɗauki hoto. Alhali muradin da ya fi shafarsa shi ne na 6, ruwa mai tsafta, domin shi ke zubar da dagwalo a kogi. Kamfanin mai da gas hisabinsa yana kan muradi na 13, sauyin yanayi. Banki kuwa a duba wa yake ba rance da kuma aikin da ake yi da kuɗin. Wanda ya gina asibiti a gefe guda, yana gurɓata ruwan da marasa lafiyar suka sha a ɗaya gefen, tufka da warwara yake yi.

Masana'antar tufafi ta koyi wannan da jinin ma'aikata. A ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, mutum 1,134 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinka wa manyan kamfanonin Turai da Amurka kaya. An ga tsagewar bango tun ana gobe, aka tilasta musu komawa aiki. Da yawa daga cikin kamfanonin suna da rubutattun ƙa'idojin ɗa'a tun kafin nan, ba su hana komai ba. Abin da ya kawo sauyi shi ne yarjejeniyar da kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ta ɗaure su a shari'ance, aka tura injiniyoyi masu zaman kansu suka duba masana'antu fiye da 1,600. Muradi na 8, aiki mai mutunci, ke nan a aikace.

Sai batun haraji, wanda rahotannin hidimar al'umma suka fi kauce wa. Hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙasashe masu tasowa na da giɓin jarin kusan dala tiriliyan 4 a duk shekara kafin su cimma muradun. Babu gudummawar da za ta cike wannan. Ƙuduri na farko a muradi na 17 yana magana ne kan ƙarfafa wa ƙasashe tara kuɗin shiga na cikin gida. Kamfanin da ke karkatar da ribarsa zuwa ƙasar da ba a biyan haraji ya rage wa gwamnati kuɗin albashin malamai da magani, ko rijiya nawa ya haƙa.

Ba ina raina kyauta ba ne. Ɗalibin da ya samu tallafin karatu ya amfana, kuma Indiya ta yi abin a yaba da dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu kan ayyukan al'umma. Sai dai kashi 2 ba zai wanke ɓarnar da aka yi wajen samo ribar gaba ɗaya ba. Akwai kuma hujjar da masu kamfani ke kawowa, wadda nake ganin gaskiya ce: wanda ya ƙara albashi ya tace shararsa shi kaɗai, abokan gasarsa za su kayar da shi a farashi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake buƙatar doka da za ta hau kan kowa, ta wajabta wa manyan kamfanoni kare haƙƙin ma'aikata da muhalli har a masana'antun da ke yi musu aiki. Faransa ta yi irinta a 2017, ta Jamus ta fara aiki a 2023, Tarayyar Turai ta amince da tata a 2024, sai ga shi a 2025 an ɗage lokacin fara aiki da ita bayan matsin lamba daga ɓangaren 'yan kasuwa da wasu gwamnatoci.

Don haka duk kamfanin da ya buga tambarin muradun a rahotonsa, ya kamata ya bayyana a cikin rahoton harajin da ya biya a kowace ƙasa, da mafi ƙarancin albashin da ake biya a masana'antun da ke yi masa aiki, da kuma dokokin da shi ko ƙungiyar 'yan kasuwar da yake ciki suka nemi a sassauta.