Wai dole sai kowa ya koma Windows kafin aiki ya tafi?

Jama'a ni fa wannan maganar da ake ta yi a ofisoshin mutanenmu na Jidda da Makka, wai a kwashe duk kwamfutocin da ke akwai a sayo iri ɗaya, ban yarda da ita ba wallahi. Tun da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 a Oktoban 2025 masu shago suka samu kasuwa, kowane mudir, wato shugaban ofis, an tsorata shi. To ofishin kago ko na umara mai tsofaffin Windows, da Mac ɗin mudir, da wata Linux a lungu tana riƙe da fayiloli, riyal nawa za a zuba? Kuma ko an zuba ciwon yana nan, don a mahaɗa yake, wato inda kwamfutocin ke musayar bayanai.

Duk mai aikin alhazai ya san wannan. Yaro ya turo jerin sunaye daga Kano a fayil ɗin CSV, ka buɗe a Excel sai ka ga sunayen Larabci sun koma tarkace, ƙ da ɗ sun zama alamar tambaya, lambar waya mai farawa da 05 an cinye mata sifili, ga 03/04 ba ka san Maris ba ne ko Afrilu, balle a zo kan Hijiriyya. Dukkanku Windows ne fa! Abin da ya rage kawai a zauna a yarda: tsarin adana haruffa na UTF-8 kowa, shekara a gaba sai wata sai rana, takardar da za ta fita waje PDF, khalas. Raba fayil tsakanin Linux da Windows kuwa manhajar Samba na yin sa tun 1992, kyauta, manhajar aikin ofis ta LibreOffice ma na tashi a kan duka ukun.

Mu ɗaga kai sama. Tashar sararin samaniya ta ISS da mutane ke zaune ciki tun Nuwamban 2000 ba iri ɗaya ba ce, ɓangaren Rasha daban na Amurka daban, ga ɗakin Japan ga na Turai, a 2013 ma aka mayar da wasu laftof ɗinta daga Windows XP zuwa Debian, wani nau'in Linux. Kumbon Dragon na kamfanin SpaceX da ya kai 'yan sama jannatin Saudiyya Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni can a Mayun 2023 Linux ke tuƙa shi, (sunan Barnawi kaɗai ya isa ya sa mu 'yan takari mu tsaya kallo a ranar). Ba wanda ya ce sai an zama iri ɗaya. Ƙofa aka daidaita. Tun 1975 da kumbon Apollo na Amurka ya haɗu da Soyuz na Tarayyar Sobiyat haka aka yi, iskar da ke cikin kumbunan biyu ma ba ɗaya ba ce, sai aka ƙera ɗan ɗaki a tsakani mutum ya zauna jikinsa ya saba kafin ya wuce.

Inda ba a daidaita ba kuma nan ake shan kunya, kuma nan jadawali ke rushewa. Kumbon Starliner na Boeing a gwajin Disambar 2019 agogonsa ya ɗauko lokaci da kuskuren awa 11, ya ƙona mai a banza bai kai tashar ba. A Yunin 2024 ya ɗauki Butch Wilmore da Suni Williams da nufin kwana takwas ko kusa, ba su dawo ba sai Maris 2025 a cikin Dragon, kuma rigunan Boeing da suka tafi da su ba sa shiga soket ɗin Dragon, sai da aka tanadar musu na SpaceX. Kamfanoni biyu na ƙasa ɗaya, mai biyansu ɗaya, hukumar sararin samaniyar Amurka NASA! A 1999 ma an yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter don wani ɓangare na lissafi da awon Amurka wani da na mita. Shi kuwa alkawarin da Amurka ta yi a 2019 na mayar da mutum duniyar wata a 2024, shekarar ta zo ta wuce ba kowa a can.

Shi ya sa in mudir ya ce min Malam yaushe za ka gama haɗa mana network ɗin nan, ba na ba shi rana sai na gwada firinta daga kowace kwamfuta, na tura fayil mai Larabci da Hausa ya je ya dawo lafiya. Ya kan ce ina jan ƙafa. Nakan ce ranka ya daɗe saka tsarin yini ɗaya ne, firintar nan taka da ba ta da manhajar direba a Mac ita za ta ci mana mako. Kuɗin sababbin injinan kuwa gara a sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da faifan ajiya na biyu, a sa Linux a tsofaffin da Windows 11 ya ƙi karɓa, tunda rabin aikin ofis yanzu a burauza ake yin sa.