Rabon Kwana Tsakanin Modem Biyu

Modem biyu gare ni a gida, kuma tun ranar da ta biyun ta shigo Maman Abba ta raɗa musu suna: Uwargida da Amarya. Ta ce wannan kishiyar kam ta yarda da ita, tunda ba za ta taɓa mata tukunya ba.

Uwargida fara ce, ƙatuwa, mai ƙaho biyu, ba ta aiki sai an jona ta da wuta. Shekara biyu muna zaune lafiya, sai ta tsiro da wani hali. Da an sallame Isha'i sai jikinta ya mutu. Ni kuwa ƙarfe tara nake shiga wani darasi ta Zoom. Malamin na cikin bayani sai ya daskare baki buɗe, kamar mai jiran a ɗura masa magani. Daga baya na ji cewa a wajensu ni ne na daskare, yatsa cikin kunne, har minti uku. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Washegari na nufi kasuwar waya ta Farm Centre na sayo Amarya: baƙa, 'yar firit, ba ta fi sabulun wanka ba, da batirinta a ciki. Na sa mata layin kamfani ɗaya da na Uwargida don kada a ce na yi son kai. Na ari littafin rubutun Abba, na ja layi a tsakiya, na raba musu kwana bibbiyu. Sau uku nake gwada gudunsu a rana: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i.

Da Asuba dukansu kamar dawakin hawan Sallah, kowace na haura megabit 20. Da La'asar ma ba laifi. Bayan Isha'i ne ake raba gari: Amarya na riƙe da bakwai zuwa takwas, Uwargida kuwa ko ɗaya ba ta cikawa. Hoto ɗaya a WhatsApp sai ya yi ta juyi kamar mai neman alƙibla a baƙon gari.

Sai dai ita ma Amaryar ba waliyyiya ba ce. Waifai ɗinta ba ya ƙetare bangon bulo biyu, in na shiga ɗaki dole na tafi da ita a aljihu. Cajinta awa huɗu ne, da ƙyar biyar. Ga shi watan Afrilu ne, zafin Kano na gashi, sai ta ɗau zafi kamar ƙosan da aka tsamo yanzu, ta kashe kanta ba sallama. Har kan murfin randa na riƙa ɗora ta don ta sha sanyi, ranar da Maman Abba ta zo ɗibar ruwa saura ƙiris a yi jana'iza. Uwargida kuma in aka ɗauke wuta ta tafi kenan, in aka dawo da ita sai ta yi minti biyu tana ƙifta fitilu kafin ta tuna aikinta.

Wani abokina da ya san harkar ya ce min da dare duk unguwa kan hau hasumiyar sabis ɗaya, ana rabon abin da take da shi, dole gudu ya ragu. Na ce to ai su biyun daga hasumiya ɗaya suke sha, me ya sa ɗaya ce kawai ke suma? Ya yi shiru, sannan ya ce na ɗaga Uwargida sama kusa da taga, domin bango da rufin kwano na tare sabis. Na ɗauke ta daga falo na kai ta tagar da ke kallon titi, na ɗora ta kan kwalin taliya a saman kabad.

A makon nan ne na lura samarin layinmu sun dawo da bencinsu daga gindin darbejiya zuwa ƙarƙashin tagata. Kuma sun natsu. Yaran da kullum sai sun kai sha biyun dare suna musun Madrid da Barcelona, yanzu kowa kansa a sunkuye, tsit kamar masu tilawa. Har na ce wa Maman Abba, “Kin ga addu'ar iyaye? Yaran nan shiriya ta zo musu.” Na aika musu da ruwan sanyi ma, Allah shaida ne.

Datar wata ta ƙare a kwana goma sha ɗaya. Na tara yara na yi musu huɗuba a kan kallon katun, na kuma yanke hukunci: Uwargida ta tsufa, ga lalaci ga ci, gobe za ta koma kwalinta.

Da yamma ɗan yayata da ke karatu a BUK ya shigo gaisuwa, ya tarar ina naɗe waya. Ya ce, “Kawu, ka taɓa duba su wa ke kanta?” Ya kifa ta, ya karanta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a ƙasanta, ya buɗe shafinta a wayarsa. Sai ga jerin na'urorin da ke jone: goma sha tara. Wayoyin gidana da kwamfuta duka biyar ne. Sauran kuwa har da wata waya mai suna Sarkin Yaƙi, da wata Ba Ruwanka. Ya ce irin Uwargida na iya ɗaukar na'ura talatin da biyu, kuma ita ba ta san ɗan gida da baƙo ba, duk wanda ya zo da lambar sirri sai ta zuba masa. Ashe baiwar Allah unguwa guda take shayarwa, ni ina rubuta mata zunubi a littafi. Amarya kuwa ba wanda ya san lambarta sai ni.

Lambar sirrin sunan Abba ce da shekarar haihuwarsa. Da aka matsa masa, ya ce shi bai faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma don ya saya masa wainar ƙwai wajen mai shayi.

Muka canza lamba. A daren nan Uwargida ta buga megabit 15, ta bar Amarya a baya, malamin Zoom ya gama darasi bakinsa na motsi. Maman Abba ta kalle ni ta ce, “Baban Abba, sai ka je ka ba ta haƙuri, don ka ci amanarta a gaban yarinya.”

Washegari bayan Magariba aka yi sallama. Na fita na tarar da ɗaya daga cikin 'yan benci, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, “Baba, dama cewa muka yi bari mu sanar da kai, ko ba ka lura ba. Tun jiya sabis ɗin gidanka ya lalace.”