Sharaɗin shekarar 2007 ne ke hana yara da yawa shiga DACA

Na karanta wani rahoto kan shirin DACA, wanda ke dakatar da korar matasan da aka shigo da su Amurka suna ƙanana ba tare da takardu ba. An yi ƙoƙari, amma an tsallake inda gizo ke saƙa.

Obama ya sanar da shirin ranar 15 ga Yuni 2012. Dole yaro ya shigo kafin ya cika shekara 16, bai kai 31 ba a wannan ranar, yana makaranta ko ya gama sakandare, kuma babu babban laifi a kansa. Sai kuma a nuna yana zaune a ƙasar tun 15 ga Yuni 2007 ba yankewa. Wannan ranar ba a taɓa matsar da ita ba.

Ɗiyar maƙwabciyata a unguwar Bronx ta birnin New York, 'yar zangon Kumasi, an kawo ta a 2009 tana da shekara huɗu. Uwarta ta adana katin rigakafi da sakamakon makaranta cikin leda, shekara bayan shekara, amma ba su yi amfani ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ko waɗanda suka dace, izinin shekara biyu ne kawai, sai a sake biyan kuɗi a sabunta, kuma ba ya kai mutum ga zama ɗan ƙasa. Tun da alƙali Andrew Hanen na Texas ya yanke hukunci kan shirin a 2021, hukumar shige da fice ta Amurka (USCIS) ta daina amincewa da sababbin masu nema. Don Allah iyaye a guji masu karɓar kuɗi suna alƙawarin sabuwar rajista, a nemi lauyan shige da fice mai lasisi.